Wanda Kawu Ya Zaɓa

A Gazawa, in waya ta ƙi magana ko kwamfutar wani buro, wato ofis, ta ƙi tashi, sunan mutum ɗaya ake kira, Sufyanu na gidan Alhaji Ayuba. Ba wai babu wasu masu taɓa irin wannan aiki ba ne. Shi ne dai ya je jami'a a Maradi ya karanto abin, kuma shi ne yake da kawu mai tallarsa. Alhaji Ayuba, shugaban ƙungiyar manoman aya, ba ya zama a majalisa ya tashi bai ce "injiniyana" ba. Ko zancen taki ake yi sai ya san yadda ya jawo Sufyanu ciki.

Sufyanu ɗan Delu ne, yayar Alhaji, wadda ke aure a Gangara. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, kawun ya ɗauko shi ya riƙe, ya sa shi lakol, wato makarantar boko, ya tsaya masa har ya gama. Saboda haka kalmar nan "injiniyana" ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa. Da ita yake sanin inda yake tsaye a gidan. In kawu ya faɗe ta, ranar ko bai ci tuwo ba ya ƙoshi.

A gidan kuma akwai Lubna, 'yar farin Alhaji. Da yake 'yar fari ce, uban ba ya kama sunanta, sai dai "waccan" ko "yarinyar nan". Ita da Sufyanu taubasai ne, 'yar namiji da ɗan mace, tun suna yara suke gardamar wane ne bawan wani, har yau ba a raba ba. Da ta ce za ta je Maradi koyon yin shafin intanet na 'yan watanni, Sufyanu ne ya fi kowa dariya. Ya ce ta tafi lafiya, in ta koyo inda ake kunna kwamfuta ta dawo ya nuna mata inda ake kashewa.

Ta dawo, ba ta ce wa kowa komai ba, ta yi wa wani mai sayar da maganin dabbobi shafi. Sufyanu bai sani ba sai da ya ga wani Bafillace a tasha yana nuna wa ɗan'uwansa hoton maganin tsutsa a waya, yana cewa ɗiyar Alhaji Ayuba ce ta yi. Ya karɓi wayar ya duba. Shafin ya yi kyau, kuma kyan nan ya tsaya masa a wuya. Ya mayar da wayar ya ce ba laifi, aikin 'yan koyo ne.

A shekarar ne masu sayen aya daga nesa suka fara damun ƙungiya da tambaya ɗaya: kuna da shafi? Wasu daga Katsina, wasu ma masu fitar da ita ƙasashen waje ne, suna son su ga kaya da farashi kafin su taso mota. Alhaji bai yi shawara da kowa ba, ya kira injiniyansa ya ce a yi wa ƙungiya shafi. Sufyanu ya ce an gama, da Node.js zai gina shi.

Ga wanda bai san abin ba, bambancin kamar na tufa ne. Node.js yadi ne da keken ɗinki: babu abin da aka yanka maka, kai za ka rubuta kowane umarni da hannunka, na'urar da ke riƙe da shafin can nesa ta riƙa bi. Duk yadda kake so haka zai fito, amma in ɗinki ya ɓalle sai tela. WordPress kuwa, wanda Lubna ta koya, riga ce ɗinkakkiya. Ka zaɓi wadda ta yi maka, ka rage hannu, ka sa aljihu, kuma duk wanda ya iya aika saƙo a waya zai iya shiga ya sa hoto ko ya sauya rubutu.

Kada a tauye haƙƙin Sufyanu, yana da hujja. Nan bakin iyaka ne, rabin ciniki da naira ake yi rabi da sefa, canji kuma ba ya kwana inda ya wuni. Yana son shafin da zai riƙa juya farashin tiya da na buhu da kansa, ya aika wa manoma saƙo a ƙananan wayoyinsu, ya kuma buɗe ko rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni. Wannan duk gaskiya ne, kuma shi yake faɗa wa mutane. Abin da ba ya faɗa shi ne, in da Node.js aka gina, ko waƙafi za a sauya sai an nemo Sufyanu.

Damina ta shigo, aka shuka aya, ta fito, ta yi kore, shafi bai fito ba. Kullum Sufyanu na ɗaki da baƙin allo cike da ƙananan rubutu, yau kuran, wato lantarki, ya ɗauke, gobe wani abu ya ƙi haɗuwa da wani. Hassana, sakatariyar ƙungiya, ita ce masu saye ke kira, ita ce kuma ta gaji da cewa "ana nan ana yi". Ƙawar Lubna ce. Wata rana ta roƙe ta ta yi musu ko na gwaji ne, a samu abin nuna wa baƙi. Kafin kasuwar Gazawa ta zagayo Lubna ta ɗora shi a WordPress, da hoton mangazar ƙungiya, inda ake ajiye aya, da manyan aya da ƙanana, da lambar Hassana.

Daga nan abin ya zama biyu. 'Yan kwamiti suka ce to, tunda Allah ya ba su masu iyawa har biyu a gida ɗaya, a bari a haƙe aya, kowa ya kawo nasa a gani, a zaɓi ɗaya.

Kishi ya kama Sufyanu, irin wanda ba a iya faɗa wa kowa, don in ka faɗa dariya za a yi maka. Namiji da digiri yana kishin yarinyar da ya koya wa haɗa baƙi! Ya riƙa buɗe shafinta safe da yamma yana neman aibi. Ya san shi fiye da nasa. Da ya gano hoto ɗaya ya ɗan karkace sai da ya ji sanyi a ransa, ya wuni da fara'a. Washegari ya duba ya tarar ta gyara.

Taubasantaka ta yi masa rana. A al'ada duk abin da taubashi ya faɗa wasa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara. Sai ya riƙa zuba dafinsa a cikin kwanon wasa. In an taru a tsakar gida ana tsince aya, ya ce ga mai kayan gwanjo nan ta fito, wadda ta aro riga ta ce ita ta ɗinka. Ya ce abin da take yi ko akuyar gidan aka ba waya za ta yi. Mata su yi ta dariya, har da uwar Lubna. Ita ma Lubna takan rama, ta ce bawanta ya shekara yana saƙa bai fitar da ko ɗan kamfai ba. Amma ta san muryarsa ta wasa, ta kuma san wannan ba ita ba ce.

Wata yamma ta same shi a ƙofar ɗakinsa, ta zauna a kan turmi. Ta ce ta zo da magana, ba wasa ba. Ta ce abin nan nasa mai juya naira da sefa ita ba ta iya shi ba, kuma ƙungiya na bukatarsa. Me zai hana shafin ya tsaya a WordPress, Hassana ta riƙa sa hotuna da labari, shi kuma ya gina injin farashin da Node.js a jona su? Ta ce ta tambaya, ana yin haka.

Shawara ce mai kyau, kuma ya san mai kyau ce, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan. Ya hango yadda za ta kasance: fuskar shafi tata, sunan da za a riƙa kira nata, shi yana can baya kamar injin niƙa, ana jin ƙararsa ba a ganinsa.

"Baiwata," ya ce, yana murmushin da bai kai ido ba, "yaushe munka fara cin tuwo kwano guda da ke? Ki tahi ki ci gaba da gwanjonki."

Ta ce to, Allah ya ba mai rabo sa'a, ta tashi ta karkaɗe zanenta.

Bai tsaya nan ba. Ya hau babur ya bi 'yan kwamiti gida gida da sunan gaisuwa. In an sha ruwa sai ya sako zancen a hankali, ya ce shi ba ya son ɓata aikin kowa, balle na 'yar'uwarsa, amma abin da kowa ke amfani da shi ɓarayi sun san ƙofarsa, in ba a kula da shi kullum wata rana sai a wayi gari an shiga. Tsofaffin su gyaɗa kai su ce Allah ya kyauta. Daga ƙarshe ya zarce Gangara wurin uwarsa. Can ne kaɗai ya sauke murya ya ce ana so a ƙwace masa aiki a ba ɗiyar gida. Delu na tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, Ayuba ba zai kunyata ta ba. Ya dawo da wannan magana a aljihu yana jin daɗinta, bai tsaya ya juya ta ya ga bayanta ba.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a rumfar mangaza da hantsi, buhunan sabuwar aya jere a baya, ƙamshin ƙasa bai gama barinsu ba. Manoma sun zo daga ƙauyuka, mata a gefe ɗaya, Alhaji Ayuba a kan kujera a tsakiya.

Sufyanu ya fara. Ya yi bayani mai tsawo, Faransanci na tsallakowa cikin Hausarsa. Ya nuna yadda in ya sauya canjin naira a wuri ɗaya farashin kowane buhu ke juyawa nan take, kuma da gaske ya juya, har wani ya ce ikon Allah. Ya aika saƙo, wayar mutum biyu ta yi ƙara. Amma wurin hotuna fari fat yake, ya ce wannan yana tafe. Wurin sunan ƙungiya ma yana tafe. Aka ce madalla, an gode, irin godiyar da ake yi wa mai wa'azin da ba a ji yarensa ba.

Lubna ba ta yi bayani ba. Ta miƙa wa Hassana waya ta koma ta zauna. Hassana ta tashi ta ɗauki hoton buhun Malam Yahaya, wani dattijo daga Gangara mai yawan tambaya, ta rubuta sunansa da irin ayarsa, ta danna. Ta ce wa ɗansa ya buɗe shafin a tasa wayar. Malam Yahaya ya karɓa ya kai kusa da ido, ya ga buhunsa, har da facin da matarsa ta yi masa a gindi. Wayar ta riƙa yawo hannu zuwa hannu. Sufyanu na tsaye da kwamfutarsa a buɗe, ba mai kallonsa, yana jin kowace dariya kamar da shi ake.

Malam Yahaya ya gyara murya ya ce yana da tambaya guda. In injiniya ya yi tafiya, ko ya samu aiki a Yamai, wa zai sauya musu abu a nasa shafin? Sufyanu ya ce ai akwai waya, sai a kira shi. Dattijon ya juya wajen Lubna ya yi mata tambayar. Ta ce Hassana, in Hassana ba ta nan duk wanda aka koya wa, abin wuni ɗaya ne.

Kowa ya ga inda taron ya karkata. Amma babu mai son ya zama shi ya raba 'ya'yan gida ɗaya, sai aka yi abin da aka saba, aka tura wa shugaba. Aka ce duka biyun nasa ne, wuƙa da nama suna hannunsa.

Alhaji Ayuba bai ɗauki lokaci ba. Bai ko dubi gefen mata ba.

"Aikin ga na Sufyanu ne," ya ce. "Shi munka ba tun farko, shi za shi ƙarasa. Waccan ta rufe nata."

Malam Yahaya ya mayar wa ɗansa waya, ya ce a hankali, Alhaji ya yi kara. Tsofaffin da ke kusa suka gyaɗa kai, don sun san abin: mutumin kirki ba ya fifita ɗan cikinsa a kan ɗan 'yar'uwarsa a gaban jama'a, ko da kuwa nasa ne da gaskiya. Sufyanu ya ji maganar, amma daɗi ya toshe masa kunne. Ya nemi fuskar Lubna yana son ya ga ko da ɗigon hawaye. Bai gani ba. Ta ɗauki jakarta, da ta zo wucewa ta ce bawanta ya ci, barka, ta sakar masa aikin. Rashin hawayen nan ya rage masa daɗin, bai san dalili ba.

Bayan la'asar ya je yi wa kawu godiya. Ya tarar da shi a zaure shi kaɗai a kan buzu, tabarau a kan hanci, yana shafa waya da yatsa ɗaya irin na wanda bai saba ba. Kafin Alhaji ya kife ta Sufyanu ya ga abin da ke ciki. Buhun Malam Yahaya ne.

Ya durƙusa ya yi godiya, kawu ya sa masa albarka, ya ce ya dage ya gama kafin masu saye su fara zuwa. Da ya tashi a nan da ya tsira da farin cikinsa. Amma mai kishi ba ya barin ƙurji ya warke. Yana son ya ji da kunnensa. Ya ce, Kawu, tsakani da Allah, wanne ya fi a cikin biyun?

Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ni mi na sani ga wannan aiki? Naka, an ce mani mai wuya ne, na kuma yarda. Nata shi na gane."

"To don mi ka ba ni?"

Kawun ya dube shi da mamaki na gaskiya, kamar ya tambayi don me ake sallama kafin a shiga gida.

"Haba Sufyanu. In na ba ta, da wane ido zan dubi Delu? Mutane su ce na riƙe maraya, ran da ɗiyata ta taso na ture shi? Kai amana ne gare ni. Ita ko tawa ce. Ko mi na hana ta, ba inda za ta."

Ya faɗe ta da taushi, yana ganin ya faranta masa. Sufyanu ya ce haka ne, Kawu, Allah ya ƙara girma. Bakinsa ne ya faɗa, shi yana can wani wuri. Amana. Abin da ake ajiyewa a ɗaki a lulluɓe, a kiyaye kada ya ƙwarzane, don wata rana mai shi zai tambaya.

Ana haka Lubna ta shigo zauren da kofin kunun aya ta ajiye a gaban uban. Alhaji ya kurɓa ya ɓata fuska. Ya ce wannan wane irin kunu ne, ba sanyi, sukari kamar za a kashe mutum, kullum sai an faɗa mata abu ɗaya? Yarinya ta girma ba ta iya komai ba sai danna waya. Ta ɗauke masa shi daga nan. Lubna ta turo baki ta ce jiya ma haka ya sha bai ce komai ba. Ya ce za ta ɗauke ko sai ya tashi? Ta ɗauka tana gunaguni, da ta kai ƙofa ta kurɓi kunun ta ce ita dai ba ta ji abin da ya yi ba. Alhaji ya yi tsaki, amma gefen bakinsa na motsi.

Sufyanu ya bi ta da kallo har ta shige. Ya laluba shekarunsa duka a gidan nan, tun ranar da aka sauke shi daga mota da ƙullin kayansa, yana neman rana ɗaya da kawu ya yi masa irin wannan tsawa. Ya fasa tulu, ya faɗi jarrabawa, ya taɓa kayar da babur ɗin kawu a kwata. Kowane lokaci abin da ya ji shi ne ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Bai samu ko ɗaya ba.

Kishin da ya kwana da shi wata da watanni ashe ƙarami ne. Wancan na shafi ne, ana iya cinsa a taro, ga shi ma ya ci. Wannan kuwa babu taron da za a kira a kansa.

Alhaji ya mayar da tabarau, ya juyo da fara'arsa ta kullum.

"Injiniyana, a kawo maka kunun? In bai yi maka ba sai ta sake wani."

Sufyanu ya ce a'a, ya gode, ya ƙoshi.